Robert Smalls: daren jirgi ko shekarun majalisa?

Malam Na Gwale: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya da muke maganar tsofaffin mayaƙa da ke shiga siyasa na yi alkawarin kawo labarin wani mutum, to yau Allah ya nufa. Sunansa Robert Smalls, baƙar fata ne, cikin bauta aka haife shi a garin Beaufort na jihar Karolina ta Kudu a Amurka, ran 5 ga Afrilu 1839. Mahaifiyarsa Lydia Polite baiwa ce a gidan wani Henry McKee. Yana ɗan shekara 12 aka tura shi Charleston ƙwadago, shi da wahala, ubangida da kuɗi. Ya yi aikin otal, ya yi kunna fitilun titi, daga baya ya koma bakin tashar jiragen ruwa. A nan ya koyi tuƙi har ya san mashigin Charleston kamar yunwar cikinsa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, 'yan tawayen Kudu suka sa shi aiki a wani jirgi mai tururi da ake kira Planter, mai jigilar sojoji da igwa da albarushi. Daren 12 ga Mayu 1862 turawan jirgin uku suka tafi gari kwana, suka bar bayi a ciki. Kafin asubar 13 ga wata Smalls ya tayar da jirgi, ya ɗora malafa irin ta kyaftin, ya tsaya a wata tasha ya ɗauki matarsa Hannah da 'ya'yansa da iyalan abokan aikinsa. Duk sansanin da ya zo wucewa sai ya busa alamar da suka saba ji, har sansanin Sumter da ke bakin teku. Da ya fita inda igwa ba za ta cim masa ba, ya sauke tutar 'yan tawaye, ya ɗaga farin zanin gado, ya miƙa jirgin ga rundunar ruwan gwamnatin tarayya da ta datse mashigin.

Wannan daren kowa ke ba da labari. Ni kuwa abin da na zo da shi daban ne. Bayan yaƙi mutumin nan ya shiga majalisar wakilai ta jiharsa a 1868, ya koma majalisar dattawan jihar a 1870, ya yi tsayin daka sai an kafa makarantun gwamnati kyauta ga kowane yaro. A ganina aikin majalisar ya fi daren jirgi nauyi. Daren ya 'yanta mutane ƙalilan, makaranta kuwa ta shafi jiha guda. Ina jiran ra'ayinku.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam Malam. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Da mata da yara a ciki? In da an gane su fa?

Malam Na Gwale: Mutuwa ce kawai, Baban Ilham, kuma sun san da haka kafin su hau. Ka tuna abin da ya kai shi: ya so fansar matarsa da 'yarsa, aka ce dala 800, abin da ya iya tarawa bai wuce dala 100 ba. Kullum yana kwana da fargabar a sayar da su wani wuri ya wayi gari ba iyali.

Tsohon Kofur: Malam, ina ganin girmanka amma ban yarda ba. Na sa kaki shekaru masu yawa, na san abin da ake nufi da mutum ya tunkari bakin bindiga. Zaman majalisa kujera ce da takarda. In ka yi kuskure a majalisa gobe ka gyara, in ka yi kuskure gaban igwa babu gobe. Kuma ba dare ɗaya ba ne kamar yadda ka faɗa. A Afrilun 1863 shi ya tuƙa jirgin ƙarfen nan Keokuk lokacin harin sansanin Sumter, aka yi masa ruwan harsashi wajen sau casa'in, washegari jirgin ya nutse. A Disambar shekarar, da wuta ta yi zafi a kan Planter, kyaftin ɗin bature ya gudu ya ɓuya a ɗakin gawayi, Smalls ya karɓi tuƙi ya fitar da jirgin, don ya san in aka miƙa wuya baƙaƙen da ke ciki ba za a ɗauke su fursunonin yaƙi ba. Daga nan aka ba shi kyaftin. Ba don wannan suna da ya yi ba, wa zai zaɓe shi majalisar ma?

Malam Na Gwale: Baba Kofur, Allah ya ƙara girma, maganarku ta ƙarshe gaskiya ce. Sunan da ya yi a ruwa shi ya buɗe masa ƙofa. Tambayata ita ce, da ƙofar ta buɗe me ya shiga da shi? Mutane nawa suka yi suna a fagen fama, suka hau kujera, aka tashi ba a ga komai ba?

Ɗalibar Samaru: Don Allah a yi mini bayani, na ɗan rikice. Majalisar dattawan jiha kuma? Na ɗauka dattawa a tarayya kawai suke.

Barista: Ƙanwata, tsarinsu ya sha bamban da namu. Mu a Najeriya kowace jiha majalisar dokoki ɗaya gare ta. A Amurka kowace jiha biyu gare ta, ta wakilai da ta dattawa, in ban da Nebraska mai guda ɗaya. Smalls ya zauna a duka biyun a jiharsa, sannan a 1875 ya wuce majalisar wakilai ta tarayya a Washington, inda ya yi zango biyar ba a jere ba, ya bar ta a 1887. Kujerar dattawan da ya hau a 1870 ma ta Jonathan Jasper Wright ce, wanda aka ɗaga zuwa kotun ƙolin jihar, baƙar fata na farko da ya zama alƙalin kotun ƙolin wata jiha a ƙasar.

Amma Malam, akwai abin da ka tsallake, kuma ba zan bari ya wuce ba. A 1877 kotu ta same shi da laifin karɓar cin hancin dala 5,000 kan kwangilar buga takardun majalisa, lokacin yana shugaban kwamitin ɗab'i a majalisar dattawan jihar. Aka yanke masa shekara uku. In za mu ce aikin majalisarsa ya fi na yaƙi, to a kawo shi da ƙashinsa da tsokarsa.

Baban Ilham: Kai! Ashe har shi ma?

Hajiya Maman Sadiq: Baban Ilham kada ka yi saurin yanke hukunci. Barista, ai kai ka fi mu sanin ba a duba hukunci a bar wanda ya yanke shi. Su wa ke riƙe da jihar a 1877? Mutanen da suka karɓi mulki bayan zaɓen 1876, zaɓen da 'yan bangar jajayen riguna suka hana baƙaƙe fita da bakin bindiga. A Yulin 1876 aka yi kisan garin Hamburg, aka kama baƙaƙen dakarun jiha aka harbe su bayan sun shiga hannu. Waɗannan da suka karɓi mulki ne suka kafa kwamitin bincike, suka nufi manyan baƙaƙen 'yan jam'iyyar Republican ɗaya bayan ɗaya. Babban mai shaida a kan Smalls kuwa magatakardan majalisar dattawan ne, Josephus Woodruff, wanda shi kansa ya amsa ya wawuri kuɗin jiha, aka yi masa sassauci don ya ba da shaida. Ɓarawon da ke neman tsira da wuyansa, duk sunan da aka sa masa a baki zai faɗa.

Barista: Hajiya, duk abin da kika faɗa haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Abin da nake gudu shi ne mu mai da mutum waliyyi don muna sonsa. Satar kuɗi ta hanyar kwangilar ɗab'i ta faru a gwamnatin wancan lokaci, ba ƙage ba ne. Cewa maƙiyinka ne ya kai ka kotu ba shi ne ke wanke ka ba. Kuma yadda shari'ar ta ƙare bai warware komai ba: a 1879 gwamna ya yi masa afuwa cikin wata yarjejeniya, ita kuma gwamnatin tarayya ta janye tuhumar maguɗin zaɓe da take yi wa wasu turawan jam'iyyar Democrat. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Shi Smalls ya ɗaukaka ƙara yana neman a wanke shi, afuwar ta rufe hanyar.

Hajiya Maman Sadiq: To ai ka ba ni hujja da bakinka. Mutumin da ke son a ci gaba da shari'a don a wanke shi, ba halin mai gudun tonon asiri ba ne. Kuma mutanen Beaufort da suka san shi ciki da bai sun ci gaba da zaɓensa bayan haka.

Barista: Zaɓen jama'a ba hukuncin kotu ba ne, Hajiya. Mu da ke nan mun sha ganin wanda ake tuhuma ya ci zaɓe da rata.

Malam Na Gwale: Barista, na amsa na tsallake, kuma bai kamata ba. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga Hajiya, saboda mai shaidar da kuma lokacin. Amma ko da za a bar wannan a buɗe, bari in faɗi abin da nake nufi da aikin majalisa, don kada a ɗauka baki ne kawai.

Kafin yaƙi, a Karolina ta Kudu laifi ne a koya wa bawa rubutu, dokar tun 1740 take, a 1834 kuma aka tsananta ta har ta haɗa da karatu. Shi kansa Smalls sai a 1864, yana ɗan shekara 25, ya zauna koyon karatu a Filadelfiya lokacin da ya kai Planter gyara. Ku auna wannan: kyaftin ɗin jirgi, wanda jaridu suka buga sunansa, yana haɗa baƙi kamar ɗan aji ɗaya. Da ya koma gida ya sa hannu aka sayi gini a Beaufort aka mai da shi makarantar yaran baƙaƙe. Sai taron rubuta kundin tsarin mulkin jiha na 1868, wanda baƙaƙe suka fi yawa a cikin wakilansa. A nan ya kawo ƙudurin a kafa makarantun gwamnati kuma a wajabta zuwa. Kundin da aka fitar ya ce makarantun da ake biya da kuɗin jama'a a buɗe suke ga kowane yaro ba tare da duba launin fata ba, ya kuma tanadi wajabta karatu ga yara daga shekara 6 zuwa 16 na aƙalla wata 24, da zarar an gama kafa makarantun. Kada ku manta talakan bature ma ba shi da tsayayyen tsarin makaranta a jihar kafin nan. 'Ya'yan waɗanda suka yaƙe shi ma sun ci moriya.

Ni malamin makaranta ne, shi ya sa abin ke taɓa ni. Duk ranar da na ga yaro ya fara haɗa harafi da harafi, na san an buɗe masa wani abu da ba mai iya ƙwacewa.

Tsohon Kofur: Malam ka yi magana mai kyau. Amma ina tambaya: abin ya ɗore? Don ni a sanina jirgin da ya kai bai koma hannun 'yan tawaye ba, mutanen da ya fitar ba su koma bauta ba. Dokokin fa?

Malam Na Gwale: Nan ne ciwon yake, Baba. A 1895 Ben Tillman, tsohon gwamna kuma sanata, wanda ke alfahari a fili da hannunsa a rikicin Hamburg, ya jagoranci sabon taron tsarin mulki, manufarsa a raba baƙaƙe da ƙuri'a. Aka sa jarrabawar karatu, aka sa harajin ƙuri'a, aka sa sharaɗin mallakar dukiya ta dala 300 ga wanda bai iya karatun ba, aka kuma rubuta cewa yaron wani launi ba zai shiga makarantar wani launin ba. Baƙaƙe shida ne kacal a zauren, Smalls na cikinsu, yana da shekara 56. Ya tashi ya yi magana, ya ce al'ummarsa ba ta buƙatar wata kariya ta musamman, tarihinta a ƙasar ya nuna daidai take da kowace al'umma, abin da take nema kawai a ba ta dama daidai da kowa a gwagwarmayar rayuwa. Aka rinjaye su. Ya ƙi sa hannu a kundin.

Tsohon Kofur: To ka gani.

Ɗan Damagaram: Baba Kofur, ku yi mini izini in sa baki. Ni wannan ranar ta 1895 ce ta fi ba ni mamaki a duk labarin, fiye da daren jirgi. A 1862 yana da shekara 23, jini na tafasa, kuma akwai fatan tsira a gabansa, ga jiragen tarayya can ana hange. A 1895 ba abin da yake hange. Ya san ƙuri'a nawa gare su, ya san an gama shirya komai kafin a zauna. Duk da haka ya je, ya tsaya gaban mutanen da suka kashe 'yan'uwansa ya faɗa musu a ido. Wannan ma ai fagen fama ne. Kuma ba duka aka rushe ba: an raba makarantun, an tauye na baƙaƙe ƙwarai, amma ba a iya komawa zamanin da babu makarantar gwamnati sam ba.

Tsohon Kofur: Ɗana, wannan na karɓa. Tsayuwa inda ka san za a kayar da kai, sai namiji. Amma har yanzu ina nan kan bakata cewa daga ruwa ya samo wannan zuciyar.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai a labarinsa, wanda ba ku taɓo ba. Duk wannan hidima, da ya nemi fansho sai aka ce ai ba a taɓa rubuta shi soja a takarda ba, farar hula ne aka ɗauka aiki. Kason da aka ba shi na jirgin dala 1,500 ne, alhali an karya darajar jirgin ƙasa da kimarsa nesa ba kusa ba. Sai a 1897 majalisar tarayya ta yi masa doka ta musamman ta dala 30 a wata, shekara 35 bayan daren. A 1900 aka cika masa kason jirgin ya kai dala 5,000. Ni na san wannan zafin. Na yi sintiri a wani ofis kan haƙƙina har takalmina ya cinye, yau a ce fayil bai zo ba, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Abokin aikina da muka fara bin layin tare bai ga nasa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Hajiya Maman Sadiq: Allah ya jiƙansa da rahama. Allah ya saka muku, Baba.

Baban Ilham: Amin. To amma in ba a rubuta shi soja ba, ya halatta mu kira shi tsohon soja?

Barista: A takardar rundunar tarayya farar hula ne mai tuƙi, daga baya kyaftin ɗin jirgin da ke ƙarƙashin rundunar ƙasa. Bayan yaƙi ya riƙe muƙami a dakarun jiharsa har ya kai manjo janar, aka sauke shi a 1877 da mulki ya sauya hannu. Fanshon da aka ba shi a 1897 kuwa daidai yake da na kyaftin ɗin sojan ruwa, ka ga a ƙarshe gwamnati ta amsa da kanta. Ka ƙara da cewa a Agustan 1862 ya je Washington tare da wani limamin kirista, Mansfield French, neman a bar baƙaƙe su shiga soja, sakataren yaƙi Edwin Stanton ya sa hannu a kan izinin ɗaukar har mutum 5,000 a yankin Port Royal da ke kusa da Beaufort.

Tsohon Kofur: Wanda aka harba wa igwa soja ne, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Ɗalibar Samaru: Malam, ya ƙarshensa ya kasance? Kuma mahaifiyarsa ta ga 'yanci?

Malam Na Gwale: Ta gani, 'yata. Sojojin tarayya sun kama yankin Beaufort tun Nuwamban 1861, masu bayi suka gudu suka bar gidajensu. Gidan nan na titin Prince da aka haife shi a bayansa, gwamnati ta sa shi gwanjo saboda bashin haraji, Smalls ya saya. Wanda ya mallaki gidan kafin yaƙi, De Treville, ya kai ƙara har kotun ƙolin Amurka, kotu ta bar wa Smalls. Da matar tsohon ubangidansa McKee ta tsufa ta rasa madafa, ya karɓe ta ta zauna a gidan. Ya daɗe yana shugaban kwastan na tashar Beaufort bayan ya bar majalisa. Ya rasu ran 23 ga Fabrairu 1915 yana da shekara 75, a gidan nan dai, aka binne shi a harabar cocin Tabernacle Baptist. Ya mutu yana kallon yawancin mutanensa ba su da ƙuri'a. Daga 1897 jihar ba ta sake tura baƙar fata majalisar tarayya ba sai Jim Clyburn a 1993.

Hajiya Maman Sadiq: Riƙon tsohuwar nan ya tsaya mini a rai. Matar gidan da uwarsa ta yi wa bauta.

Ɗan Damagaram: Na ga labari cewa a 2023 rundunar ruwan Amurka ta sauya wa wani jirgin yaƙi suna zuwa nasa. Da sunansa Chancellorsville, sunan wani fagen da 'yan tawaye suka yi nasara.

Barista: Haka ne. A 2024 kuma majalisar jihar ta amince a kafa masa mutum-mutumi a harabar ginin majalisa a Columbia, babban birnin jihar, na farko da za a yi wa wani baƙar fata shi kaɗai a wurin. Malam, ka lura a majalisa za a kafa shi, ba a bakin ruwa ba, wannan maki ɗaya ne gare ka. Maganar dala 5,000 dai ban janye ba.

Hajiya Maman Sadiq: Ni ma ban janye tawa ba. Barista, shi Tillman ɗin fa, na ji an ce nasa gunkin na harabar?

Barista: Yana nan tun 1940, Hajiya. Akwai dokar jiha ta shekarar 2000 da ta hana a taɓa irin waɗannan gumaka sai da amincewar majalisa, kuma majalisar ba ta amince a cire shi ba. Harabar guda za su zauna su biyun.